Ƙara wa Na'ura Gudu, da Hukuncin Kayan Mutane

   

Da aka ce kowane ɗan ajin Risala ya kawo rubutu, 'yan ajinmu da yawa sun ɗauki tarihin Salaga: fataucin goro, da rijiyoyin garin, da yaƙin 1892, da Alhaji Umaru wanda ya rasu a Kete Karaci a 1934. Ni kuwa na ɗauki maganar na'urar gem. Na san wasu iyaye za su ɓata fuska da ganin haka, ina roƙon su yi haƙuri su karanta har ƙarshe. Akwai mas'alar da muka biya a gaban Malam bana, ta aro da ajiya da kayan da ake kai wa mai sana'a, kuma a kan na'urar gem na ga wannan mas'ala ta tashi daga takarda ta shiga tsakanin mutane.

Yayana yana da ɗan shagon gem kusa da tashar lori. Na'ura uku ce a ciki, dukkansu PlayStation 3, da talabijin uku, da benci biyu, da fanka ɗaya a sama. Tun da Baba ya rasu, daga wannan shago ake auno masara, daga nan ake saya wa ƙanwata littattafan sukuu, daga nan ake saya wa Mma maganin hawan jini. Mai wucewa yana ganin wasan yara ne, mu kuwa tukunyar gidanmu ce. Ni nake riƙe shagon bayan la'asar idan Yaya ya tafi gona. Dokokinsa uku ne, ya rubuta su da alli a jikin ƙofa: ba a shiga lokacin makaranta, ana kashe komai idan an kira salla, kuma ba a sa kuɗi a kan wasa. Wanda aka kama da caca sau ɗaya, ya gama shiga.

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 3 a watan Nuwamba na 2006, ya sayar da fiye da miliyan 87 a duniya, ya daina ƙera ta a Japan a 2017. Wato ta girmi yawancin masu karanta wannan ɗan littafi. Waɗanda ke hannunmu duk na hannu ne, an gama da su a Turai ko Amurka, suka sauka a Tema, suka bi ta Ankara da Kumasi da Tamale kafin su iso gare mu. A cikinta akwai manyan ƙwaƙwalwa biyu. Ta farko sunanta Cell, Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka yi ta, ita ke lissafin wasa: ina ƙwallo ta nufa, wa ya yi keta, yaushe mota za ta bugi bango. Ta biyu sunanta RSX, da hannun kamfanin Nvidia na Amurka a cikinta, ita ce mai zana hoton da ido ke gani. Labarina a kan wannan ta biyun yake.

Abin da muke gani yana motsi a talabijin, hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri. Wasu wasanni hoto 30 suke so a kowace daƙiƙa, wasu 60. Idan mai zanen ta kasa cika adadin, sai ka ga wasa yana tsinkewa, yana ɗingishi, yara su fara cewa "Yaya, na'urarka ta gaji."

Ita mai zanen tana aiki ne da bugu, kamar 'yan gayya da makaɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar tulin doya ya san yadda abin yake: makaɗi ya buga, fartanya ta sauka, ya sake bugawa, ta sake sauka. RSX tana bugawa sau miliyan 500 a daƙiƙa ɗaya, shi ake kira megahaz 500. Rumbun da take ajiye kayan zanenta kuma yana tafiya a kan 650. Idan makaɗi ya ƙara sauri, tuli zai ƙaru, amma gumi ma zai ƙaru. Idan ya wuce misali, sai tuli ya fara fitowa a karkace, daga nan wani ya faɗi. Wannan ƙarin saurin shi masu gyara ke kira obakulok. Gumin na'ura shi ne zafi. Karkataccen tuli kuma shi ne ɗige-ɗige da layuka masu launi da ke fitowa a hoto.

Kamfani bai bar ƙofar taɓa wannan bugu a buɗe ba. Na'urar tana tashi ne da wata manhaja ta can ciki da ake kira famwaya, kuma ba ta karɓar kowace famwaya sai mai ɗauke da hatimin kamfani. Hatimin lissafi ne, kuma ƙa'idarsa ita ce duk sanda za a buga shi sai an zaɓo sabuwar lamba da ka. A watan Disamba na 2010, a wani taro a Balin ta ƙasar Jamus, wasu masana da ke kiran kansu fail0verflow suka nuna cewa lamba ɗaya ake ta maimaitawa. Da wannan aka lissafo mabuɗin. A Janairun 2011 wani saurayi ɗan Amurka, George Hotz, ya baza mabuɗin a fili, Sony ta kai shi kotu, suka sasanta a watan Afrilu na shekarar. Tun daga nan mutane suka riƙa gyara famwayar da kansu, ana kiranta CFW, ni dai ina ce mata famwayar gida. Wadda aka fi sani yanzu ita ce Evilnat.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake canzawa. A cikin famwayar akwai lambobi biyu. Ɗaya 10 ce, ana ninka ta da 50, ta ba da 500. Ɗayar 26 ce, ana ninka ta da 25, ta ba da 650. Idan ka mai da 10 ta zama 12, ka mai da 26 ta zama 30, ka samu 600 da 750. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan ga mai zane, da kusan kashi 15 ga rumbunta. Ba a sayi komai ba, ba a kunce ko noti ɗaya ba. Wannan arhar ce ke ruɗin mutane, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Sai dai PlayStation 3 ba iri ɗaya ba ce. Akwai ƙatuwar ta farko, akwai siririya da ta fito a 2009, akwai wadda ta fi ta sirantaka ta 2012. Ƙwaƙwalwar zanen da ke cikin na farko-farko an yi ta da ma'aunin nanomita 90, daga baya aka sauko 65, sannan 40, sannan 28. Duk sanda lambar ta ragu, cin wuta da zafi suna raguwa. Shi ya sa tsofaffin ƙattin nan suka yi suna wajen zafi, da mutuwar da ake gane ta da ɗan hasken ɗorawa da ke ƙiftawa kafin na'ura ta ɗauke. Kuma ba kowacce ke karɓar famwayar gida ba. Ƙattin duka suna karɓa, da sirara masu lamba CECH-2000 da 2100 da akasarin 2500. Daga 3000 zuwa sama ba sa karɓa. Lambar tana jikin takardar da ke bayan na'ura.

Ina da aboki a Yendi, tare muka yi allo kafin a mai da babansa can. Yana da hannu ƙwarai, shi ke wanke wa mutane na'ura, yana canza musu farin man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Shi ya fara kawo mini labarin obakulok. Ina kuma da ɗan kawu a Bawku, Allah Ya zaunar da garin lafiya, wanda gyaran waya ne sana'arsa, ya girme mu, kuma ya fi mu sanin cikin allon na'ura. Da na tambaye shi, amsarsa gajera ce: "Ƙanena, ta wa ce na'urar? Fara da wannan tukuna."

Na'urar ta Yaya ce, don haka na same shi bayan isha'i na yi masa bayani tun daga farko. Na gaya masa abin da za a iya samu, na gaya masa abin da za a iya rasawa. Babban haɗarin shi ne, na'ura tana ɗaukar wannan sabon gudu tun daga lokacin da aka kunna ta. Idan ya fi ƙarfinta, ba za ta kai inda za ta nuna maka hoto ba, balle ka samu hanyar mai da ita yadda take. Sai baƙin allo kawai. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗaya kawai. Siririyar nan ta tsakiya. Kuma kada ka wuce abin da ka ce. Duk abin da ka gani ka rubuta mini a littafi, ba na son wai-wai."

Mun fara a watan Janairu, cikin hunturu. Kafin in taɓa lamba ko ɗaya, sai da na buɗe ta na share ƙura da burushi, domin ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar an liƙa auduga. Na canza man, na kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar famwayarta na ajiye a wuri biyu, kamar yadda ɗan kawuna ya ce. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna webMAN da ke nuna zafin Cell da na RSX, tana kuma ba ka damar ƙara gudun fanka. Na yi mako guda ina rubuta zafi da adadin hotuna a gudunta na asali, sannan na sa 600 da 750, na sake yin mako guda.

Ga abin da littafin ya nuna. A wasan tseren mota, irin su Gran Turismo 6, an ga bambanci. Inda motoci suka taru a kwana hoto yana tsinkewa, sai ya ragu, tuƙi ya yi santsi. Amma a wasan ƙwallo babu abin da ya canza. Dalili kuwa, wasan ƙwallo ya riga ya cika hotunan da aka ƙayyade masa tun a gudun asali. Ko ka ƙara wa mai zane sauri, za ta gama ne ta zauna jira. Wasu wasannin kuma ba mai zanen ce ke riƙe su ba, Cell ce, ita kuwa ba a taɓa ta ba. Kuma a shagonmu, cikin yara goma da za su shigo, tara ƙwallo suka zo bugawa, ko FIFA 19 ko PES 2018, waɗanda su ne na ƙarshe da aka fitar wa wannan na'ura. Ɗingishin da suke kuka da shi ma, da na bi diddigi, wani daga tsohon faifai ne, wani daga hannun gem da ya sha gumi.

Zafi ya ƙaru da 'yan digiri kaɗan, abin da bai tayar mana da hankali ba a Janairu, lokacin da ake sa rigar sanyi da safe. Amma wanda ya san ƙasarmu ya san Janairu ba ta daɗewa. Azumin 1446 ya faɗo a watan Maris na 2025, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40, shagonmu kuma rufin kwano ne. Waɗanda suka gwada waɗannan lambobi suka ce lafiya lau, da yawansu a ɗakuna masu sanyi suke zaune, kuma awa biyu ko uku suke wasa su kashe. Tamu tana aiki awanni a jere, hannu yana karɓa daga hannu. Fanka na iya hura iska ne kawai, kuma iskar da ke ɗakin ita za ta hura. Sai na ga dole in ɗaga gudun fanka har ƙararta tana rufe muryar mai sharhin ƙwallo. Fankar da ke gudu haka kuma ta fi zuƙo ƙura, ta fi saurin lalacewa.

Na kai wa Yaya littafin. Ya duba, ya ce, "Wato na ƙara zafi saboda yaro ɗaya cikin goma, kuma shi ma sidi biyun da kowa ke biya zai biya?" Na ce haka ne. Ya ce, "Mai da ita." Na mai da ita 500 da 650 a daren, tana nan tana aiki har yau.

A Yendi abin bai ƙare haka ba. Wani magidanci mai shago irin namu ya kai wa abokina ƙatuwar na'urarsa, irin ta farko, ya ce a share ƙura a canza mai. Iyakar abin da ya ce ke nan. Abokina ya yi aikin tsaf. Da ya gama, sai ya ga bari ya yi wa mutumin alheri, ya ƙara mata gudu kyauta, don idan ya ga bambanci ya riƙa kawo masa aiki. Ya ga wasu suna kai sirara 750, sai ya sa wa wannan tsohuwa 750. Ta ɗauke, ya kunna, baƙin allo. Ya sake kunnawa, baƙin allo.

Da daddare ya kira ni, muryarsa na rawa. Ya ce, "Aboki, ka taimake ni. Mutumin nan ya san kana shagon gem. Zan haɗa ku a waya, ka ce masa dama irin waɗannan haka suke mutuwa da kansu. Ai ba ƙarya ba ce."

Wannan magana ta yi mini nauyi, domin rabinta gaskiya ce. Ƙattin nan suna mutuwa da kansu, kowa ya sani, kuma da na faɗa, mutumin zai yarda. Abokina maraya ne kamar ni, kuɗin na'ura kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Amma wannan na'urar da ƙafarta ta shigo ɗakinsa. Shi ma mai ita yana da tukunyar da ke jiran abin da za ta kawo, kamar yadda Mma ke jiran tamu. Na ce masa, "Wallahi ina jin tausayinka, amma ba zan faɗi haka ba. Ka gaya masa abin da ya faru. Ni zan roƙi ɗan kawuna ya duba ta, kuɗin mota kuma mu raba." Ya kashe wayar bai yi sallama ba. Mun yi kusan wata ba ya ɗaukar kirana, kuma abin ya dame ni fiye da yadda na nuna a gida.

Daga baya na ji cewa ya faɗa wa mutumin gaskiya, bayan ya kwana biyu yana juyi. Aka sa na'urar a mota zuwa Bawku. Ɗan kawuna ya buɗe, ya ce irin na farkon nan a ƙwaƙwalwa biyu suke ajiye famwayarsu, aikinsu ya fi na sirara wuya nesa ba kusa ba, ga shi kuma ba a kwafe komai an ajiye ba kafin a taɓa. Ya yi kwana biyu a kanta, ba ta tashi ba.

Suka je gaban wani Afa a unguwarsu. Hujjar abokina biyu ce: niyyarsa alheri ce, kuma bai karɓi ko pesuwa a kan ƙarin gudun ba. Afa ya ce masa Allah Ya ba shi ladan niyya, amma biya ya hau kansa.

Da labarin ya iso Salaga, na kai wa Malam shi ba tare da na ambaci suna ba. Sai ya ce a ɗauko Risala, littafin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira. Ya nuna mana wurare uku. Na farko, a mazhabar Malik mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malam ya ce an yi haka ne don maslahar jama'a, domin ba wanda zai iya zama ba tela ba maƙeri, kuma ba wanda zai iya tsayawa a kansu yana gadi. Na biyu, wanda aka ba ajiya amintacce ne, idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba babu komai a kansa, amma da zarar ya ƙetare iyakar abin da aka ba shi izini, ya zama mai biya. Na uku, aron abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan aiki, yana wuyan mai aro. Malam ya ce, "Ku duba, yaron nan ta kowace ƙofa kuka shigo za ku same shi. An ce ya share, bai tsaya a shara ba. Izinin shara ba izinin ƙari ba ne."

Wani ɗan ajinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, to ai shi ma wannan ya taɓa ta yayansa." Malam ya juyo ya tambaye ni, na ce na nemi izini, na faɗi haɗarin kafin in fara, kuma ban wuce lambar da muka yi magana ba. Malam ya ce to, da ta mutu a hannuna a haka, hasarar ta mai ita ce, domin ya sani ya yarda. Aikin hannun iri ɗaya ne, lambobi biyu aka canza a Salaga, su aka canza a Yendi. Abin da ya raba hukuncin shi ne maganar da aka yi, ko ba a yi ba, kafin a kunna na'ura.

Afa ya sa a kimanta kuɗin tsohuwar na'ura irinta a kasuwar Tamale, ba kuɗin sabuwa ba. Tun da abokina zai biya, gawar ta zama tasa, ɗan kawuna ya sayi fankar da gidan wutar da na'urar faifan, kuɗin ya rage masa nauyi. Sauran ya biya kaɗan-kaɗan, ya sayar da kekensa, ya yi ƙwadago a gonar doya da aka fara ruwa. Ranar da ya gama biya shi ya kira ni da kansa. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya ce dai mutumin ya sake kawo masa aiki, har ya turo masa wani. Yanzu kafin ya taɓa kayan kowa, sai ya rubuta abin da aka ce ya yi a takarda, mai kaya ya gani.

Akwai wata tambaya da Malam ya yi mini wadda ba zan ɓoye ta a nan ba. Ya ce wannan famwayar gida, ba ita ce ake zuba wasannin da ba a saya ba da ita? Na ce ita ce. Tana da amfanin halal: tana nuna zafi, tana gyara gudun fanka, tana ba ka damar kwafe faifanka da ka saya zuwa cikin na'ura idan idon da ke karanta faifai ya raunana. Amma gaskiya mafi yawan masu sa ta ba don wannan suke sa ta ba. Malam ya ce majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare. A Gana ma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2005. Yaya yana sayen tsofaffin faifai idan ya je Kumasi, su muke kwafewa, faifan kuma suna nan a kwali. Ba kowane shago ke haka ba, kuma na san abin da mutane ke faɗa, wai kamfanin ya daina sayar da su, wai talaka ina zai samu. Wannan mas'ala ce ta malamai, su ya kamata a kai wa ita, kada yaro ya yanke wa kansa hukunci don hukuncin ya yi masa daɗi.

Ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar irin wannan aiki, kuma na san muna da yawa daga Salaga har Bawku, ina da 'yar shawara. Ilimi ne mai kyau, kada kowa ya ce muku shirme ne. Wanda ya gane bugu da zafi da famwaya a kan tsohuwar PS3, ya kama hanyar gane waya da kwamfuta da injin sola. Amma ku fara da tsintsiya kafin lamba: na'urar da aka share, aka canza mata mai, aka ɗaga ta daga ƙasa, aka ba ta sarari a baya, ta fi wadda aka ƙara wa gudu daɗewa. Ku duba lambar da ke bayanta, kada ku gwada abin siririya a kan ƙatuwa. Ku kwafe ku ajiye kafin ku taɓa. Ku auna kafin da bayan, ku rubuta, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so. Ku tuna cewa lambar da ta yi daidai a ƙasar sanyi, ko a hunturu, ba lalle ta yi daidai a watan Maris ƙarƙashin kwano ba. Kafin duk wannan kuma, ku yi wa kanku tambayar ɗan kawuna: ta wa ce?

Ina godiya ga Malam da bai raina tambayar yaro ba, ya buɗe mana littafi a kanta. Ina godiya ga Yaya da ya yarda da ni da kashi ɗaya cikin uku na abincin gidanmu. Abokina na Yendi ya karanta wannan rubutu kafin in miƙa shi, ya ce a buga, wataƙila wani ya tsira. Allah Ya saka masa da alheri, Ya mayar masa da kekensa da abin da ya fi shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.